Barka da Sallah, da Maganar Gwiwata

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. A gaishe mini da ƙannena da sauran dangi.

Na ga ya dace in yi muku bayanin gwiwata a rubuce, domin na lura hankalin Inna bai kwanta ba tun da ta ji maganar tiyata a waya. Ba karaya na yi ba, shi ya sa hoton ƙashi bai nuna komai ba. Sai da aka ɗauki hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyi da nama, aka ga ɗaya daga cikin jijiyoyi biyu da suka gitta juna a tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke gaba ɗaya, sakamakon murɗewar da na yi a filin ƙwallo. Ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, kuma idan ta tsinke haka da wuya ta haɗe da kanta.

Likita bai matsa mini ba. Ya ce mutane da yawa suna rayuwa lafiya ba tare da tiyata ba, matuƙar sun ƙarfafa naman cinya da atisaye kuma harkokinsu ba sa buƙatar juyi ko tsalle. Na bi wannan hanyar tukuna, kumburin ya saɓe, ƙafar tana miƙewa, amma har yanzu gwiwar tana gocewa idan na juya da kaya a hannu ko ina saukowa daga tsani, alhali aikina ke nan kullum. Abin da ya fi damuna shi ne kowace gocewa tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, wanda gyaransa ya fi wuya. Saboda haka na yanke shawarar a yi aikin.

Ba ɗinke tsohuwar jijiyar ake yi ba. Ana ciro wata ce daga jikin mutum, ko daga bayan cinya ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, a dasa ta ta ƙananan ƙofofi da taimakon 'yar kyamara. Na roƙi a ciro ta bayan cinya, domin ta ƙoƙon gwiwa ta fi barin ciwo wajen durƙuso, ni kuwa burina in daina sallah a kan kujera in koma yin sujada yadda na saba.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai haɗarin shigar ƙwayoyin cuta, ko daskarewar jini a ƙafa, ko sandarewar gwiwa, kuma tiyatar ba ta ba da tabbacin kuɓuta daga amosanin gaɓɓai a gaba. Wahalar ma tana bayan aikin ne: tafiya da sanduna na ɗan lokaci, sannan atisaye na wata 9 zuwa 12 kafin a yi zancen ƙwallo.

Abokin zamana ya yi alkawarin kula da ni a makonnin farko. Ban bari an sa rana ba sai na ji daga bakinku, don haka ina neman amincewarku da addu'arku.

Ɗanku mai biyayya.