A Kula Da Yadda Ake Ɗauko Taransifoma Da Girka Ta A Unguwannin Jos

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu unguwanni, kwamitocin wutar lantarki da 'yan kwangila a garin Jos kan wani al'amari da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato yadda ake ɗauko babbar taransifoma a kawo ta unguwa a girka. Jama'a kan daɗe cikin duhu suna jiran ta, amma ranar da ta iso sai ɗoki ya sa a manta cewa a wannan yinin ne aka fi yi mata lahani, kuma a cikinsa ne ta fi iya hallaka mutum.

Taransifoma mai ƙarfin kVA 500, irin wadda ake sa wa unguwa mai yawan gidaje, nauyinta kan kusanci tan biyu, domin cikinta ƙarfe ne da naɗin waya, ga kuma mai cike da tankinta. Na ga inda mota ta kasa shiga lungu, matasa suka shimfiɗa bututun ƙarfe suna tura ta a kai ana kabbara, wani ya ɗaura igiya a jikin tangaran ɗin da ke samanta yana ja, yara kuma suna bin ta gefe da gefe a kan gangara. Niyyarsu mai kyau ce, amma wannan tangaran shi ne ke raba waya mai wuta da jikin tanki, kuma 'yar tsagewar da ido ba ya gani ta isa ta buɗe wa ruwa hanya zuwa cikin man. Da zarar mai ya sha ruwa ya daina kare naɗin wayar, sai bayan ɗan lokaci a ji ƙara cikin dare, gari ya waye ana cewa an kawo mana jabu, alhali a hannunmu ta lalace.

Maƙeranta sun yi mata kunnuwan ƙarfe a jikin tanki domin ɗagawa, kuma a nan kaɗai ya kamata ƙugiya ta shiga. Motar ɗagawa, wadda aka fi sani da hayab, tilas ne ta kafa ƙafafunta a kan ƙasa mai tauri, ba a kan murfin kwata ba, kada kuma kowa ya tsaya ƙarƙashin kayan da ke lilo a sama. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗagawa a ƙarƙashin layin da ba a kashe ba, domin wuta mai ƙarfin bolt 11,000 tana iya tsallakawa zuwa hannun motar idan ya matso kusa, ko da bai taɓa wayar ba. A cikin mota kuwa a tsaye ake ɗaure ta da sarƙa, direba ya bi ramukan hanya sannu a hankali, saboda jijjiga tana gusar da abin da ke cikinta.

Dakalin da za ta zauna a kai ya kasance ya bushe sarai, ya kuma ɗara inda ruwan damina ke kaiwa. Sai maganar wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira atin, kuma a nan ne Jos ta bambanta da wasu garuruwa. Ƙasarmu dutse ce, dutse kuwa ba ya karɓar wuta kamar ƙasa mai laima, saboda haka sandar ƙarfe ɗaya da aka buga a rami marar zurfi, aka zuba gawayi da gishiri aka binne, ba lalle ta wadatar ba. Dole a auna da na'ura, idan awon bai yi ba a ƙara sanduna a haɗe su. Duk wanda ya yi damina a garin nan ya san irin tsawar da ake yi, kuma na'urar kare tsawa da ake ɗaurawa a saman falwaya ba ta da wani amfani idan ba ta da hanyar da za ta zubar da wutar a ƙasa. Idan atin bai yi kyau ba, jikin taransifomar da shingenta kansu suna iya ɗaukar wuta, ga shi kuwa a gindinta ne mata ke kasa kayan miya, almajirai ke fakewa idan ruwa ya sauko.

Kafin a ba ta wuta, a bar man ya natsa bayan wahalar hanya, a gwada ƙarfinsa, a auna lafiyar naɗin wayar, a kuma duba 'yan ƙwayoyin da ke cikin kwalbar numfashinta, wato inda iska ke bi ta shiga tanki, waɗanda launinsu ke sauyawa idan sun sha danshi. Hukumar NEMSA mai kula da ingancin ayyuka da kayan wutar lantarki, wadda dokar shekarar 2015 ta kafa, ita ce ke da alhakin duba irin wannan aiki da ba da takardar shaida kafin a haɗa shi da layi, kuma hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya ta sha bayyana cewa samar da taransifoma nauyi ne na kamfanin rarraba wuta. To ko da jama'a ne suka yi karo-karo suka saya, ko wani mai hali ya ba da ita kyauta, bai dace a kira mai gyaran wayar gida a damƙa masa aikin don a rage kuɗi ba.

Ina roƙon iyayenmu masu unguwanni, daga Anguwar Rogo da Gangare har Rikkos, su tsaya a kan cewa ba za a sauke taransifoma a yankinsu ba sai an kashe layi, an janye yara daga wurin, injiniyan kamfanin rarraba wuta yana tsaye. Bayan an gama kuma su nemi ganin sakamakon awon atin da takardar shaidar dubawa da idonsu, a kewaye ta da shinge a sa kwaɗo, sannan a kunna.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
Anguwar Rogo, Jos.