Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai: Inda Muka Kwana a Kan Zaɓen Aji da Shirin Gaba da Sakandare

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, mai girma shugaba, 'yan uwa na gida da waɗanda neman abinci ya kai Kano, Abuja da Legas, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara. Bayanin shige da ficen kuɗi ma'aji zai kawo nasa daban, ba zan shiga gonarsa ba. Nawa shi ne abin da aka yi da abin da aka kasa.

Za ku tuna a taron bara mun amince mu rage sayen alli da ɗinkin yunifom, mu karkata ga yi wa yara jagora tun daga ranar da za su shiga SS1. Wata ƙanwarmu ce ta jawo wannan shawara. Yarinyar ta fito da kiredit bakwai a NECO, gari ya ɗauka, mata suna ta shiga gidansu barka. Burinta aikin jinya. Da wanta ya kai ta birni za a cike mata fom, mai shagon ya duba takardar sama da ƙasa, ya miƙo musu abarsu, ya ce babu Kemistiri, babu Fiziks, ina za a je? Ashe ajin Ats ta yi shekara uku. Na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce, "Yaya, ranar da aka raba mu ƙawayena duk can suka nufa, kuma an ce lissafin Sayans yana taɓa ƙwaƙwalwa." Shi ke nan. A safiya ɗaya, a bakin ƙofar aji, yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta yanke wa kanta hukuncin da babu babba ko ɗaya da ya zauna da ita a kansa.

Saboda haka aikinmu na farko shi ne zama da yaran da suka gama JSS3 da iyayensu. Zaman farko bai yi armashi ba, kuma laifinmu ne: mun sa shi a tsakiyar kaka, maza duk suna fadama wajen yankan shinkafa. Iyaye mata ne suka cika benci. Da muka koma muka roƙi liman ya yi sanarwa, aka yi na biyu bayan sallar Juma'a a ƙofar gidan dagaci, Allah ya ƙara masa lafiya, sai ga wuri ya cika har da masu tsayuwa.

Abin da muka faɗa musu ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, amma da yawa ranar suka fara ji. Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, a mafi yawan fannoni har da Turanci da Lissafi, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Wasu fannonin, musamman likitanci, jami'o'i da dama zama ɗaya suke karɓa. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. Wanda ya ga D7 ko E8 ya ci, amma ba kiredit ba ne. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce shi ɗansa babu F9 ko ɗaya a takardarsa, me ya sa shekara biyu yana zaune a gida? Da muka duba, Turancinsa D7 ne. Dattijon ya jinjina kai, ya ce shi duk zatonsa rashin uwa a gindin murhu ne.

Sannan biyar ɗin ba kowace biyar ba ce, kuma a nan ne ake yin asara. Mai son likitanci ko jinya sai da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya, Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son zama lauya yana buƙatar Adabin Turanci, darasin da yaranmu suke gudu kamar maciji saboda yawan littattafan karantawa. Mai son aikin akawu ko banki ya riƙe Lissafi da Ikonomiks. Hatta aikin gona, da muke gani kamar gadonmu ne, jami'a ba ta ɗaukar yaro a kansa babu Kemistiri. Mun rubuta waɗannan da babban alƙalami a jikin kwali, da Hausa, muka manna a ofishin mataimakin shugaban makaranta da allon sanarwa. Na allon sanarwa ruwan farko ya cinye shi. Bana a bango za mu rubuta da fenti.

Sai dai faɗa wa yaro ya shiga Sayans abu ne mai sauƙi, samo masa malami ne aiki. Rabin shekara makarantarmu ta yi babu mai koyar da Fiziks, tun da ɗan bautar ƙasar da ke riƙe da darasin ya gama wa'adinsa ya tafi. Ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗan alawus ga ɗaya daga cikinmu, mai shaidar malanta ta NCE, yana zuwa Asabar da Lahadi. Mun kuma aro kayan gwaji daga wata makaranta da ke maƙwabtaka da mu, domin jarrabawar ƙarshe akwai ta gwaji a Kemistiri da Fiziks da Bayoloji. Na je ranar da aka fara. Malamin yana ɗiga ruwan asid kaɗan-kaɗan a cikin kwalba, sai launin ruwan ya juye, ajin ya kaure da salati. 'Yan SS3 ne fa, saura watanni su shiga ɗakin jarrabawa, kuma ranar suka fara ganin abin da suka shekara biyu suna haddacewa. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

A nan dole in amsa wani sakaci. Kwalejojin kimiyya na jihar Kano, irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe tun 1977, da ta 'yan mata da ke Garko, da jarrabawa ake shigarsu bayan JSS3. Muna da yaran da za su iya gwadawa. Ba mu bibiyi lokacin fom ba, har aka rufe. Kowa a kwamiti ya zaci wani ne ke riƙe da maganar. Ni ne sakatare, kaso mafi girma na laifin nawa ne.

'Yan SS2 mun shirya musu darasin yamma saboda jarrabawar kwalifayin, wadda da ita gwamnatin jiha take tace waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Zuwan ya yi kyau har damina ta kankama, daga nan maza suka koma gona, aji ya zama kusan na mata zalla. Ba za mu ga laifin uban da ya ja ɗansa noma ba, abincin shekara ne. Lokacin darasin ne ya kamata mu sauya.

Inda muka fi shan wahala shi ne rajistar JAMB, wato jarrabawar neman shiga jami'a da manyan makarantu. Tun 2021 ba a yin ta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Yaro zai tura lambarsa ta saƙon waya zuwa 55019, a aiko masa da lambar da zai sayi fom da ita, kuma layin da ya tura da shi ya zama nasa ke nan har ya samu gurbi. Wasu da layin wa ko na maƙwabci suka yi, mai layi ya tafi cirani da wayarsa. Babbar matsalar kuwa ta suna ce. Kun san halinmu: a makaranta an rubuta yaro da sunan gari a matsayin sunan ƙarshe, a NIN an sa sunan mahaifi, a takardar haihuwa ga sunan kaka, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Gyaran yana cin kuɗi da zirga-zirga, wani lokaci har rajista ta rufe ba a gama ba. Shi ya sa bana muka zauna da rajistar 'yan SS1, yaro bayan yaro, muna gwada sunan da ke ciki da na NIN. Aiki ne mai gundura, babu wanda zai ɗauke ka hoto a kansa, amma a ganina ya fi duk abin da muka yi amfani.

Jarrabawar kanta a kwamfuta ake yi. Darasi huɗu ne, Turanci dole da uku da suka dace da fannin da aka nema, tambaya 180 a cikin awa biyu, maki 400. Mambobi biyu sun ba mu aron kwamfutocinsu na hannu, mai kemis ya bar mu muna caji da solarsa, mun gode. Ranar farko wani yaro, wanda shi ne na ɗaya a ajinsu, ya ɗaga linzamin kwamfutar sama yana nuna allo da shi kamar rimot. Abokansa suka yi ta sheƙa dariya, alhali su ma ba su iya ba. Muka nuna musu ko linzami ya gagara, A, B, C, D suna zaɓar amsa, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya. Cikin mako uku hannu ya faɗa. Ranar jarrabawa waɗanda aka ba safiya a gidan wani ɗan uwanmu suka kwana a birni, matarsa ta ciyar da su. Allah ya saka.

Akwai saɓanin da ya taso a zauren WhatsApp, gara in kawo shi fili. Wasu suna ganin duk yaro mai ƙoƙari a tura shi likitanci a Jami'ar Bayero, in ya so sauran su bi abin da ya samu. Ni ban yarda ba. Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuwa tuli, kuma yaron da ya nace a kansa shekara uku yana faɗuwa yakan ƙare da yin zuciya da karatun gaba ɗaya. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta, ga kwalejin ilimi ta tarayya a Bichi, ga makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi. Wanda ya fito da sakamako mai kyau a NCE ko difloma yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Garin da ruwan madatsar Tiga yake ciyarwa rani da damina, amma in tsutsa ta faɗa wa tumatir sai mun jira mai sayar da magani ya gaya mana abin da za mu fesa, kuma makarantarsa babu malamin Fiziks, bai kamata ya raina malamin gona ko malamin aji ba.

Ɗakin karatun da muka yi alkawari bai wuce tubali ba. Kuɗin wata-wata da yawa ba su biya ba, ciki har da masu yawan magana a zaure. 'Yan mata biyu da muke sa rai a kansu an cire su a SS2 an yi musu aure. Ɗaya mijinta ya yarda ta zana jarrabawa daga ɗakinta, 'yan uwanmu mata suna bibiya.

Kafin a koma hutu muna neman mutum uku su ɗauki nauyi da sunansu: ɗaya ya riƙe maganar fom ɗin kwalejojin kimiyya, ɗaya ya bi waɗanda suka zana JAMB ya tabbatar sun ɗora sakamakonsu na WAEC ko NECO kuma sun karɓi gurbinsu a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, in ya fito, sai mace ɗaya da za ta zauna da 'yan matan JSS3 kafin ranar raba aji. Wanda ya shirya ya sanar da shugaba ko ni. Mai fenti kuma ya ce a ba shi kuɗin galan ɗaya, aikin hannu kyauta ne.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya