Godiya ga shagon da ya tada mana motar hawan dutse

Zuwa ga Injiniya da yaransa, masu shagon gyaran rediyo da kayan lantarki a Sabon Gari, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kasuwa kuma tana albarka.

Ranar da na zo karɓar motar na yi muku godiya, amma shago ya cika, ga janareto yana ta ruri, ba na jin kun ji rabin abin da na faɗa. Shi ya sa na ce bari in rubuta inda jama'a za su gani.

Ga wanda bai san zancen ba, wata 'yar mota ce mai rimot da na tsinta a cikin kayan gwanjo, an jibge ta tare da 'yan tsana da kekunan yara. Nauyinta ne ya tsayar da ni, don ta fi kilo uku. Bodinta na Land Rover Defender ne, ya tsage ta baya, taya ɗaya ba ta juyawa, batirin kuma ya kumbura kamar burodi. Na saya wa ɗana mai shekara 11 ba tare da na san me na saya ba. Shago uku na kai ta, kowa ya kalle ni ya kalli furfurata ya ce ba sa gyaran kayan wasan yara.

Ku kuwa, Injiniya, kifar da ita kuka yi a kan tebur, kuka ɗauki tocila kuka daɗe kuna leƙe, sannan kuka ce, “Alhaji, wannan mota ce sosai, ƙanƙanta kawai ta yi.” A bakinku na fara jin sunanta, Traxxas TRX-4, ƙirar wani kamfani na jihar Texas a Amurka, wadda ta fito a 2017. An yi ta daidai kashi ɗaya cikin goma na babbar mota, kuma aikinta rarrafe a kan duwatsu. Kuka nuna min shasinta na ƙarfe, da giyarta biyu, babba da ƙarama, da furofela gaba da baya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yan giyoyin da ke bayan kowace taya, waɗanda suka ɗaga aksul sama da tsakiyar taya don kada cikin motar ya daki dutse. Kuka ce haka Unimog ta Mercedes take. Na shekara ashirin ina tuƙi, ban taɓa sanin akwai irin wannan dabara ba.

Batirin kuka fara rabawa da ita. Ban manta yadda kuka hana ƙaramin yaronku jefa shi a kwandon shara ba, kuka sa shi a gwangwanin yashi a waje, don irinsa in ya huje wuta yake kamawa. Kuka kunna akwatin da ke daidaita gudun motar, fitilarsa ta kawo ja, kuka ce ga dalili nan: mai ita na farko ya kashe tsarin da ke tsayar da mota in caji ya yi ƙasa, ya yi ta tsotse batirin har ya lalace. Kuka mayar da fitilar kore. Sabon da kuka sa mai gida biyu ne, bolt 7.4, kuma da hannunku kuka rubuta min a bayan rasit cewa kowane gida kada ya wuce 4.2 wurin caji, in za a ajiye a bar shi wajen 3.8, kada kuma a bar shi cikin mota a zafin ranar Kano. Takardar tana manne a ƙofar firjinmu.

Sauran aikin na haƙuri ne. Duk boris ɗin ƙafafun sun yi tsatsa, da alama an sha shiga ruwa da ita ba a busar ba. Na zo wata Asabar na tarar babban yaronku ya baje giyoyin a kan farantin silba, kowane da kusoshinsa a murfin kwalba, yana wanke tsohon giris da kananzir da burushin haƙori. Shokozoba huɗun babu ɗigon mai a ciki, aka sake musu roba aka zuba man silikon. Ɗan injin da ke juya sitiyari ya ƙone, sai da aka yi odarsa, muka jira mako uku. Sau biyu kuna kira kuna ba ni haƙuri a kan jinkirin da ba laifinku ba ne.

Akwai abin da ya sa na ƙara ganin girmanku. Na kalli bidiyoyi a YouTube, kaina ya ɗau zafi, na zo na ce a cire injin da ta zo da shi a sa min na zamani marar burushi, ko nawa ne. Da kun so, da kun karɓi kuɗina. Sai kuka ce injin lafiyarsa lau, ƙura ce kawai, kuma motar dutse tafiyar hawainiya take so. Abin da take buƙata nauyi ne a ƙasa, don bodin Defender dogo ne, ga taya a rataye a baya, da ta miƙe a gangare sai ta wuntsila. Da yake wilin irin mai kusoshi ne, ba a manne taya da gam ba, kuka aika aka sayo 'yan dalmar nan da masu balansin taya ke liƙa wa manyan motoci, kuka jera su zagaye a cikin wilin gaba. Kuɗinsu bai kai na kwanon tuwo biyu ba. Sannan kuka saita ta yadda da an saki maƙunnin rimot za ta tsaya cak ko a tsakiyar gangare.

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar muka kai ta gindin Dala. Ɗana ya sa ƙaramar giya, ya kulle aksul gaba da baya don tayoyin huɗu su riƙa juyawa tare, ta kama wani dutse da ya fi ta tsayi. Tayar gaba ta hagu ta ɗaga sama tana lilo, duk muka yi tsit, sai nauyin nan ya dawo da ita ƙasa a hankali, ta haye. Yaran unguwa suka sa ihu. Wani dattijo da ke dawowa daga masallaci ya tsaya ya ce a sake ya gani. Sai kiran magariba ne ya tashe mu, kuma in faɗi gaskiya, rimot ɗin ya fi daɗewa a hannuna.

Tsofaffin kayan da kuka cire, har boris ɗin da suka mutu, kun ƙulla min su a leda ban tambaya ba. Ɗana ya jera su a gwangwanin madara, wai shi ma ya buɗe shago, kuma yana roƙon ku bar shi ya riƙa zuwa ranar Asabar yana kallon aiki in an yi hutu. Na ce sai na nemi izininku.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya raya muku zuri'a. A gaida yaran shago, musamman mai burushin haƙori.

Naku,
Wani mahaifi daga unguwar Gwale, Kano.