Kifin tekun ƙanƙara da barbarar shanunmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin ɗura wa shanu maniyyin bijimi tsakanin Dukku da rugagen Wawa Zange.

Maniyyin yana zuwa mana ne a 'yan siraran tsinkayen roba, a nutse cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Bara da bazara mai kawo mana naitirojin ya yi jinkirin mako biyu, ruwan tulun ya ja baya. Da ya iso muka cika, a ido ba abin da ya canza. Na ɗura wa shanun wani Arɗo guda goma sha ɗaya, biyu kacal suka ɗauki ciki. Dattijon nan bai ɗaga mini murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, Allah bai nufa ba." Amma ni na san kuɗinsa da nonon shekara guda ne suka salwanta, kuma har yau abin yana damuna.

Ga inda ɓarnar take. Da zarar sanyi ya ragu, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙanƙarar da ke cikin tsinken sai su haɗe su zama manya, su farfasa ƙwayoyin maniyyin. Ko yawan ɗago tsinkaye zuwa bakin tulu yana jawo haka.

To, ashe Allah ya riga ya ajiye dabarar hana wannan a jikin kifi. A tekun Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, sanyin ruwa yana kai digiri 1.9 ƙasa da sifiri, inda jinin sauran kifaye zai daskare, amma akwai masu iyo a ciki lafiya lau. A 1969 wani masani Ba'amurke, Arthur DeVries, ya bayyana dalili: a jininsu akwai wani furotin da ke manne wa ƙwayar ƙanƙara tun tana ƙarama, ya hana ta girma. Daga baya an sami irinsa a kifayen arewacin tekun Atlantika.

'Yan kasuwa ba su yi barci ba. Kamfanin Unilever ya sa irin wannan furotin a askirim domin kada ya yi tsakuwa-tsakuwa a baki, kuma ba kifi suka kama ba, yis suka sarrafa ya samar musu da shi. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2009. Likitoci ma suna bibiyarsa, domin zuciyar da za a yi dashe da ita ba ta wuce awa huɗu zuwa shida a kan ƙanƙara. Wannan ɓangaren har yanzu gwaji ake yi da sassan jikin dabbobi.

Abin da ya fi ja mini hankali shi ne an gwada shi a maniyyin bijimai da raguna a ƙasashen waje, aka ga idan an sa ɗan kaɗan, ƙwayoyin sun fi motsi bayan an narkar da su. Idan ya yi yawa kuwa sai ƙanƙarar ta fito kamar allurai ta yi kisa, shi ya sa ma ake nazarin amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin cutar daji da sanyi. Ke nan sai an auna, kuma awon da ya dace da bijimin Turai ba lalle ne ya dace da Bunaji ko Bokolo ba.

Ban ce zai maye gurbin naitirojin ba. Ina dai kira ga cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, su ba ɗalibansu wannan aiki, a gwada a kan namu bijiman da namu zafin. Ina da littattafan da nake rubuta kowace saniya da na ɗura wa, da ranar, da sakamakon. Duk ɗalibin da ya zo Dukku zan ba shi su, in kuma kai shi rugagen da kaina.

Wassalam.
Naku, ma'aikacin lafiyar dabbobi,
Dukku, Jihar Gombe.