Kaboyi makiyayin haya ne, ba ɗan bindiga ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan sharhin da kuka buga kwanan baya, inda marubucin ya kira ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba da "ƙasar kaboyi". Na fahimci manufarsa, domin yawancinmu a gidan silima muka san kaboyi: Bature mai malafa, da bindiga a ƙugu, yana harbe abokin gaba a tsakiyar titi. Sai dai masu fim ne suka zana wannan hoton, kuma ya yi hannun riga da tarihi.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Texas har saniya ba ta wuce kimanin dala 4 ba, alhali a kasuwannin arewa takan kai dala 40. Shi ya sa masu dukiya suka riƙa ɗaukar samari haya su kora garken shanu dubu biyu zuwa uku har tashar jirgin ƙasa ta Abilene a jihar Kansas, tafiyar wata biyu ko uku, kamar yadda fatakenmu suke kora shanu a ƙasa zuwa Kudu kafin zuwan manyan motoci. Mutum ya yini a kan sirdi yana shaƙar ƙurar garke, ya kwana a ƙasa, a tashe shi cikin dare ya karɓi gadi, duk a kan ladan kimanin dala ɗaya a rana. Abin da yake tsoro shi ne tsawa ta firgita shanu su ɓarke da gudu cikin duhu, ko kogi ya cika a gabansu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da aka share daga labarin. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyaya baƙar fata ne, da yawansu bayi ne da suka sami 'yanci, ita kanta sana'ar, da igiyar jifa da irin sirdin, daga makiyayan Meziko aka gaje ta. Sau nawa muka ga fuskokinsu a allon silima?

Batun harbe-harbe ma an zuzuta shi. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone suna da dokar hana yawo da makami a cikin gari, kuma masanin tarihi Robert Dykstra ya ƙirga kisan kai 45 ne kawai a garuruwan cinikin shanu biyar na Kansas tsakanin 1870 da 1885. Shahararren artabun O.K. Corral da aka yi a garin Tombstone a 1881 bai wuce kimanin daƙiƙa 30 ba, mutum uku suka mutu, kuma wajen tilasta waccan doka ya ɓarke.

Jini ya kwarara a yammacin Amurka, amma akasari na 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda aka ƙwace wa filaye, aka karkashe ɓaunan da suke rayuwa a kansu daga miliyoyi har suka kusa ƙarewa. A Wounded Knee, cikin Disambar 1890, sojojin gwamnati sun kashe sama da mutum 150 na ƙabilar Lakota, har da mata da yara, su kuwa fina-finan da muka kalla su suka mayar azzalumai.

Zamanin korar shanun bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta toshe wuraren kiwo, layin dogo ya iso Texas, sanyin 1886 zuwa 1887 kuma ya hallaka garkuna. Tun 1883 wani mai shirya wasanni, Buffalo Bill, ya fara mayar da labarin wasan kallo na kuɗi.

Ina roƙon jaridarka ta daina amfani da wannan kwatance, domin yana ɗora wa masu satar mutane rigar jarumtar fim, yana kuma shafa wa talakawan makiyaya laifin da ba nasu ba.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya