Wasiƙa zuwa ga Auta a kan sayen ma'aunin haske

Liyon, Faransa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk mutanen gida. Ka durƙusa ka gaishe mini da Baba da Inna, ka shaida musu cewa ina nan lafiya lau, sai kewar Damagaram. A gaida su Yaya da yaranta, da maƙwabta baki ɗaya.

Saƙonka ya iso tare da hotunan ma'aunan haske uku da kake so in zaɓar maka ɗaya a ciki. Na ga ya fi kyau in ba ka amsa a rubuce maimakon saƙon murya, domin maganar tana da lambobi, kuma za ka so ka sake duba ta ranar ciniki. A taƙaice, babu ko ɗaya daga cikin ukun da na yarda ka zuba kuɗinka a kansa. Abin da shagonka yake bukata shi ne ƙaramin ma'auni mai farin ƙoƙo, wanda yake auna hasken rana kuma yake auna na filash, irin wanda maigidan da nake taya aikin hoton biki a ƙarshen mako yake ratayawa a wuya.

Bari in fara da kukan da ka kawo, cewa hotunan sallar da ta wuce sun ba ka kunya, wasu fuskoki sun yi duhu har ba a gane mai su, wasu kuma fararen riguna sun ƙone, aikin wuyan ya ɓace. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Ma'aunin da ke cikinta yana auna hasken da ya bugi abu ya dawo ne, kuma an gina shi a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya farinsa da baƙinsa, zai tashi ruwan toka, wato kusan launin katin nan da masu hoto ke riƙewa, mai mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. To, idan alhaji ya tsaya gabanka cikin babbar riga ta farar shadda wadda ta sha bugu tana ƙyalli, ta cika hoton daga wannan gefe zuwa wancan, kyamara sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa, ta rage shi da mataki ɗaya ko biyu (kowane mataki yana rage hasken zuwa rabi ne) domin ta mayar da rigar ruwan toka, fuskarsa kuwa, wadda da ma baƙa ce kuma hula ta yi mata inuwa, sai ta nutse gaba ɗaya. Idan kuma ka tsayar da shi a bakin zaure mai duhu, ko kusa da Buzu mai rawanin turkuɗi, sai lissafin ya juya, ta ƙara haske har aska takwas ɗin da mai ɗinki ya sha wahala a kanta ta koma fari fat. Duhu kana iya ɗan ɗago shi a kwamfuta, amma farin da ya ƙone a kyamarar zamani babu abin da zai dawo da shi.

Ma'auni mai ƙoƙo ba ruwansa da launin riga ko na fata. A kansa akwai wani farin ƙoƙo kamar rabin ƙwan zabo, kuma abin da yake aunawa shi ne hasken da ke sauka a kan mutum kafin ya taɓa shi. Kana zuwa ka tsaya inda mai hoton yake, ka riƙe ma'aunin a ƙarƙashin haɓarsa, ƙoƙon yana kallon idon kyamara, ka danna, sai ya ba ka lambar buɗin ido da saurin ƙiftawa. Da wannan lamba fari zai fito fari, baƙi ya fito baƙi, ko amarya ce cikin farin mayafi ko dattijo cikin alkyabba mai duhu. Idan fuskar ta yi duhu sosai kana iya ƙara rabin mataki, ko ka sa yaron shago ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar mata da haske, wanda a wurina ya fi, domin ba ya taɓa rigar.

Na farko a cikin ukun shi ne tsohon nan mai allura da aka ce za a sallama maka da araha. Daga hoton na gane irinsa, na zamanin Tarayyar Sobiyet ne mai suna Leningrad, kuma yana aiki da wani sinadari da ake kira seleniyom, wanda yake samar da 'yar wutarsa daga haske ba tare da batir ba, kamar yadda ma'aunin Weston Master na da yake yi. Wannan sinadari yana rauni da tsufa, musamman idan ya daɗe a buɗe cikin haske ko ya sha laima, kuma mugun abin shi ne allurar tana ci gaba da motsi ko bayan ta daina faɗin gaskiya, har mai sayarwa ya nuna maka ita yana rantsuwa cewa tana aiki. Ba ya ganin filash, kuma a cikin ɗaki mai ƙarancin haske kusan makaho ne. Haka nan ka guji tsofaffin da aka ƙera domin batirin zaiba mai ƙarfin bolt 1.35, irin su Gossen Lunasix 3, domin an daɗe da daina yin wannan batir, wanda ake sa musu a madadinsa kuma yana karkatar da awon sai an yi masa dabara.

Na biyu, ɗan ƙaramin nan na Sin da ake maƙalawa a saman kyamara, an yi shi ne domin masu tsofaffin kyamarorin fim waɗanda ba su da ma'auni a ciki. Hasken da ya dawo yake aunawa, wato aikin da kyamararka take yi tun da ma, kuma ta fi shi iyawa. Manhajojin waya ma yawancinsu haka suke, ga shi ba sa kama walƙiyar filash. Akwai kuma wani mai arha da masu aikin lantarki ke auna hasken ɗaki da shi, wanda lambar luks kawai yake bayarwa, kada kamanninsa ya ruɗe ka.

Na uku, Sekonic L-858D da ka gani a YouTube, kaya ne na gaske, ba na musu. Yana da madubin leƙawa da ke auna ɗigo ɗaya mai faɗin digiri 1 daga nesa, abin da masu hoton duwatsu da daji da masu shirya fim ke so. Amma farashinsa a nan ya haura Yuro 500, kuma tun da Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, kana maganar fiye da jika 325 ke nan, kuɗin da zai sayo maka fitilar filash ta biyu da lema da sabon labulen bango, har a sami canji. Na san abin da ya ja hankalinka gare shi hawan salla ne, da yake ba za ka iya kutsawa tsakanin dawaki a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ka kai ma'auni ƙarƙashin haɓar mahayi ba. Ba ka bukatar haka. Ranar da ke dukan mahayin ita ce ke dukanka, saboda haka ka ɗaga ƙoƙon a inda kake tsaye, cikin haske iri ɗaya da nasa, ka juya shi yadda zai kalli ɓangaren da kyamara take idan an duba daga wurin dokin, ka ɗauki lambar ka kafa ta da hannu. Muddin gajimare ko ƙura ba su sauya hasken ba, lambar nan za ta yi maka aiki har a sauka.

Wanda nake so ka saya shi ne ƙaninsa daga kamfani ɗaya na Japan, Sekonic L-308, ko sabon samfurin L-308X ko wanda ya gabace shi, L-308S. Yana shiga aljihun riga, yana auna hasken rana da na filash, ƙoƙonsa kuma yana zamewa gefe idan wata rana ka so auna hasken da ya dawo. Abin da ya fi burge ni da shi saboda gida shi ne batir ɗaya tak yake ci, ɗan siririn nan AA na tocila da rediyo, wanda ko da dare za ka samu wurin mai tebur a Zango ko Sabon Gari. Sabo a nan yana tsakanin Yuro 200 da 300, na hannu kuwa a kan Leboncoin, shafin intanet na sayar da kayan hannu a nan, yakan sauko ƙasa da haka sosai. Idan ba a dace da shi ba, Minolta Auto Meter IV F na hannu abin dogara ne, shi ma AA yake ci kuma yana auna filash, sai dai kamfanin ya fita daga sana'ar kyamara tun 2006, don haka in ya lalace gyaransa sai an sha nema. Gossen na Jamus suna da Sixtomat F2 mai irin wannan aiki. Akwai kuma Sekonic L-398A wanda ba ya cin batir ko kaɗan, abin sha'awa ga mai aikin waje, amma ba ya auna filash, kai kuwa rabin cinikinka a cikin shago yake.

A cikin shagon ne ma za ka fi ganin amfanin kuɗinka. Kyamara ba ta iya auna filash ɗin da aka kafa da hannu, shi ya sa kake ɗauka ka duba, ka rage ka sake ɗauka, mai hoto yana zaune gumi yana wanke masa hoda. Da ma'auni sai ka sa kyamara a ISO 100, wato lambar ƙarfin karɓar haskenta, da ƙiftawa 1/125 na daƙiƙa, ka kunna babbar fitila ita kaɗai ka daidaita ta har ma'aunin ya ba ka buɗin ido f/8, ka kashe ta ka kunna ta cike inuwa ka kai ta f/5.6, wato rabin hasken ta farko, sa'an nan ka kunna su tare ka auna lambar da za ka sa wa kyamara. Ka shata wurin ƙafafun fitilun da na kujera da fenti a daɓe, ka rubuta lambobin a bango, daga nan hoton fasfo da na katin ɗan ƙasa za su riƙa fitowa iri ɗaya ko yaron shago ne ya ɗauka. Sai dai ka tabbata filash ɗin yana kan saitin hannu, domin a saitin TTL, inda kyamara ce ke daidaita ƙarfinsa da kanta, yana sakin wata 'yar walƙiya kafin ta ainihi, ita ma'aunin zai kama ya ba ka lambar banza.

Idan ka ci karo da na hannu a gida ko wurin masu zuwa Kano kafin in samo maka daga nan, kada ka biya sai ka gwada. Ka buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko tsatsa, alamar batir ya taɓa fashewa a ciki. Ka duba ƙoƙon, kada ya zama ya tsage ko ya koma rawaya. Sa'an nan ka fita da shi fili da hantsi, a ranar da sama take garau babu hazo, ka sa ISO 100 da 1/125, ka fuskantar da ƙoƙon ga rana. Lafiyayye zai nuna f/16 ko kusa da haka ƙwarai, kuma idan ya kauce da fiye da mataki ɗaya ka mayar wa mai shi kayansa. Da hunturu wannan gwaji ba ya tsayawa daidai, saboda ƙurar tana cinye wani kaso na hasken. A ƙarshe ka harba filash ɗaya sau da yawa daga wuri ɗaya, kana ba shi lokaci ya cika tsakanin harbi da harbi, ka ga ko lambar tana zama daram.

Kafin nan ga abin da za ka riƙa yi kyauta. Ka miƙa tafin hannunka cikin hasken da ke kan mai hoto, ka cika idon kyamara da shi, ka karanta lambar, sa'an nan ka ƙara buɗi da mataki ɗaya, misali daga f/11 zuwa f/8, domin tafin hannu ya fi katin toka haske da kusan wannan gwargwado. Wannan zai tsare maka aikin waje, ko da yake ba zai taimake ka da filash ba.

Jika 100 da ka ce ka tara ka bar su a hannunka tukuna. Ina neman L-308 na hannu mai tsabta a nan, in na samu zan gwada shi a kan na maigidana, in ba wani ɗan gida mai tafiya Yamai ya riƙo maka, daga can a sa shi a motar Damagaram, sai ka ba Inna abin da ya kama a madadin biyana. Ranar da ya iso ka nema masa 'yar jaka mai zif saboda ƙura, kada ka bar shi a akwatin babur cikin zafin Afrilu da Mayu, kuma ka riƙa cire batirin duk lokacin da zai kwana biyu ba a taɓa shi ba. Ka rubuto mini sunan fitilun filash ɗinka da irin abin da kake harba su da shi, waya ce ko na'urar rediyo, domin in san ko zan haɗo maka da igiyar haɗi.

Wassalam.

Naka,
Yayanka