Bangon dutsen gefen titi ya cancanci a tsaya a kalle shi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka baki ɗaya.

Na karanta rahotonku kan titunan da ake fasawa ta cikin tsaunuka, kun yi maganar kuɗi da haɗarin gangarowar duwatsu, duk daidai ne, amma kun tsallake shi kansa bangon dutsen da ake bari hagu da dama bayan an yanka. Masana duwatsu sai su yi ta gararamba a daji suna neman inda dutse ya fito fili ƙasa da ciyawa ba su rufe shi ba, sai ga injiniya ya zo da nakiya da katafila ya buɗe musu cikin tsauni kyauta, mu kuma mu wuce a guje ko waiwaye babu.

A jihar Maryland ta Amurka akwai tsaunin Sideling Hill da aka tsaga a shekarun 1980 don babban titin I-68, zurfin yankan ya kai ƙafa 340. In ka kalli bangon za ka ga layi-layi na dutse, wani fari-fari wani baƙi, kuma ba a miƙe suke ba, sun lanƙwashe ƙasa a tsakiya kamar an ninke bargo mai kauri. Asalinsu yashi ne da laka da ruwa ya shimfiɗa kimanin shekara miliyan 350 da suka wuce, a kwance suke lafiya lau har sai da nahiyoyin Afirka da Arewacin Amurka suka yi karo suka matse su. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne gindin lanƙwasar, wanda ya kamata ya zama kwari, shi ne yau ƙolin tsaunin, saboda dutsen yashin wurin yana da tauri, ruwa ya cinye na gefe masu laushi ya bar shi tsaye. To wa zai san wannan da ba a yanka ba?

Haka ma kusa da Palmdale a Kalifoniya, titi mai lamba 14 ya ratsa gefen tsagar San Andreas mai haddasa girgizar ƙasa, layukan wurin a murɗe suke gaba ɗaya.

Kuma fa ba yau aka fara ba. William Smith na Ingila wurin aikin haƙa hanyar ruwa ta jiragen dakon kwal ya lura cewa kowane layin dutse yana da nasa irin ƙwansunan halittun da suka daskare a ciki, kuma jerin ba ya canjawa, da wannan ya fitar da taswirarsa ta duwatsu a 1815.

Kar wani ya ce aikin marasa abin yi ne. In layukan sun karkato suna fuskantar titi, kuma akwai na laka a tsakani yana tsattsafo da ruwa, to wannan bangon wata rana zai zame, direba ma zai iya ganewa da ido in an koya masa. A jihar Pennsylvania ta Amurka wajen 2003 masu aikin titin I-99 sun tono dutse mai ma'adinin firit, wanda in ya haɗu da ruwa da iska yake fitar da asid, sai da buɗe titin ya yi jinkirin shekaru ana fama da kwashe tarkacen.

Roƙona biyu ne. Inda bango ke da haɗari a sa masa raga ko a feshe shi da siminti, rai ya fi komai, amma wallahi bai kamata a riƙa shafe kowane bango don kawai ya yi sumul ba. Inda yake da ƙwari a bar shi, a yi wurin fakin nesa da kwana, a kafa allo mai bayani, malamai su samu inda za su kai ɗalibai ba sai sun tsaya bakin kwalta tirela na wucewa ba. Ku kuma in za ku sake irin wannan rahoton, ku haɗa da masanin duwatsu cikin waɗanda za ku ji ta bakinsu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.
Naku, mai karanta ku a kullum.